Haruffan da suka ɓaci a hanya

Aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu nan Maraɗi sai godiya. Hazon hunturu ya rufe gari, an gama da gero, aya ta fara shigowa kasuwa.

Na ga ƙorafinka cewa imel ɗin da na kulle (na sirranta rubutunsa) na aiko ya buɗe, amma rubutun ya dagule. Abin ya dame ni ƙwarai, don maganar gonar gado ce a ciki, ba ta son kuskuren ko harafi ɗaya. Daren jiya na zauna na bi diddigi. Mabuɗinka lafiyarsa lau. Masu lanƙwasar nan namu ne suka sha wuya: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ.

Kwamfutata da UTF-8 take rubutu, wato wani tsarin mayar da haruffa lambobi, inda ƙ ke cin bait biyu (bait ma'aunin bayanai ne a kwamfuta). Taka kuwa ta karanta da tsohon tsarin Windows-1252, mai ɗaukar kowane bait a matsayin harafi guda. Shi ya sa "ƙasa" ta fito maka "Æ™asa", "kuɗi" kuma "kuÉ—i". Na tabbata kalmomin Faransancin da na sa ma ba su tsira ba, é ta koma Ã©.

Laifin nawa ne. Na kulle rubutun da PGP, manhajar sirranta saƙo, na manna shi kai tsaye cikin saƙon, babu wata shaida a ciki da za ta gaya wa manhajarka tsarin da aka yi rubutun da shi, sai ta yi cinta. PGP/MIME, wani tsarin kulle imel da aka fara tsarawa tun 1996, yana kulle shaidar tare da rubutun. Da shi Thunderbird, wata manhajar imel, ke aikawa, kuma tun 2020 OpenPGP, wato tsarin kullewa na PGP, na cikin Thunderbird ɗin, ba sai an ƙara komai ba. Na koma can.

Wani ya ce in daina sa lanƙwasa in huta. Na ƙi. Ina ɗa, ina da? A takardar gado kuwa!

Kar ka goge tsohon saƙon, ka sa a karanta shi da UTF-8, zai miƙe. Amma in alamar tambaya ka gani a gurbin harafi, wannan tun kafin kullewa ya salwanta, sai na sake rubutawa.

Gobe bayan la'asar zan turo gwaji, in akwai wuta: "ɓera, ɗaki, ƙofa, ƴaƴa". Ka faɗa mini yadda suka iso.

A gaida uwargida da yara.

Naka har kullum.