Ku ba mu labarin Robert Mulka, ba na Höss kaɗai ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na saurari shirinku na tarihi a kan sansanin gwale-gwale na Auschwitz da 'yan Nazi na Jamus suka kafa a Poland, wanda sojojin Tarayyar Soviet suka 'yantar ranar 27 ga Janairun 1945. Allah ya saka da alheri. Sai dai kun rufe shirin da rataye kwamandan sansanin, Rudolf Höss, a watan Afrilun 1947, kuma ina tsoron mai sauraro ya tashi da zaton cewa duk wanda ya sa hannu a kisan mutum fiye da miliyan 1 ya girbi abin da ya shuka. Ba haka aka yi ba, ranka ya daɗe. Dubban 'yan SS, wato dakarun musamman na 'yan Nazi, ne suka yi aiki a wurin, amma waɗanda suka taɓa tsayawa gaban alƙali ba su kai 1,000 ba.

Shi ya sa nake roƙon ku kawo mana labarin mataimakin Höss, wato Robert Mulka. An haife shi a Hamburg a 1895, ɗan kasuwa ne, kuma daga 1942 zuwa 1943 shi ne na hannun daman kwamanda. Ta ofishinsa saƙo ke bi cewa jirgin ƙasa cike da Yahudawa yana tafe, daga nan a shirya masu gadi da motoci. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an tsare shi na wani lokaci, aka wanke shi, ya koma Hamburg ya ci gaba da harkar fitar da kaya zuwa ƙasashen waje, yana ci yana sha cikin rufin asiri.

Yadda asirinsa ya tonu abin a jinjina ne. A 1960 ɗansa ya ci lambar tagulla a tseren jiragen ruwa a gasar Olamfik ta birnin Rum. Wani mai gabatar da ƙara a Frankfurt ya ga sunan gidan a jarida, ya bi diddigi, aka kama uban a ƙarshen shekarar. Shekara 15 ke nan bayan yaƙi, kuma mutumin nan bai ko canza suna ba.

Wanda ya tsaya tsayin daka har aka yi shari'ar shi ne Fritz Bauer, babban mai gabatar da ƙara na jihar Hesse, Bayahude wanda su kansu 'yan Nazi suka tsare a 1933 kafin ya yi gudun hijira zuwa Denmark da Sweden. An fara zama a Frankfurt ranar 20 ga Disambar 1963 da mutum 22 a gaban kotu, kuma sunan Mulka ne a saman takardar ƙarar. Shaidu kusan 360 suka yi magana, 211 daga cikinsu waɗanda suka tsira ne daga sansanin. Sun zo daga ƙasashe daban-daban suka tsaya ido da ido da waɗanda suka hallaka iyayensu da 'ya'yansu. Shi kuwa Mulka, dattijo da furfura cikin kwat mai tsada, cewa ya yi shi dai ofis yake zaune, bai ga komai ba, bai ba da umarnin komai ba.

Wannan magana ce ta hana ni barci. Na yi shekara 31 ina aikin akawu kafin na yi ritaya, na kuma san cewa babu motar da ke fita, babu kayan da ke shiga sito, sai da takarda da sa hannun wani. Mai riƙe da fayil ya fi kowa sanin abin da ke gudana a gida. Ta yaya mutum zai tsara zuwan jirage cike da mata da yara, ya san ba a ƙara ganin yawancinsu, sannan ya ce bai sani ba?

A watan Agustan 1965 kotu ta same shi da laifin taimakawa wajen kisan aƙalla mutum 3,000, ta ɗaure shi shekara 14. Taimakawa kawai. A lokacin kotunan Jamus ta Yamma suna neman a tabbatar da hannun mutum a wani kisa takamaimai. An sake shi a 1968 saboda rashin lafiya, ya mutu a Hamburg a 1969. Sai a 2011, a shari'ar John Demjanjuk, wani tsohon mai gadi a sansanin kisa na Sobibor, aka yarda cewa yin aiki a sansanin kisa shi kansa laifi ne. A 2015 aka yanke wa Oskar Gröning, akawun da ke ƙirga kuɗin da aka ƙwace wa fursunonin Auschwitz, hukuncin ɗaurin shekara 4 yana da shekara 94.

An naɗi muryoyin shaidun Frankfurt a kaset, kuma suna nan a ajiye. Ina roƙon ku nemo ko da mintuna kaɗan ne, ku fassara mana da Hausa, mu ji da kunnenmu.

Na gode. Wassalam.

Naku mai sauraro,
Wani tsohon akawu daga Zariya