Gaisuwa daga Agege

Assalamu alaikum Sani,

Ina fata kana lafiya, ya iyali, ya sanyin Jos? Mu nan Legas sai zufa da cunkoson motoci, amma alhamdulillahi.

Abin da ya sa na tuna ka jiya, wata mata ce ta kawo min gyaran waya shago a Computer Village, kasuwar wayoyi da kwamfuta ta Ikeja. Ta rantse har da dafa ƙirji wai wayar ba ta taɓa ganin ruwa ba, haka kawai ta ɗauke wuta. Ina kwance bayanta sai ga ƙwayar shinkafa uku sun faɗo kan tebur. Na ce, "Hajiya, to ita wayar ce ta ji yunwa ta shiga buhu da kanta?" Ta kalle ni, ta kalli shinkafar, sai ta fashe da dariya har ɗankwalinta ya zame. Ashe a bokitin wanki wayar ta faɗa, aka cusa ta cikin shinkafa don ta bushe. Ko ragi ba ta nema ba, ta biya.

Maƙwabcina na shago, Baba mai cajar nan, Bayarabe ne amma a Sabon Garin Kano ya tashi, don haka ya san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarbawa. Tun ranar da ya ga tsagen fuskata na shiga uku. Kullum da safe sai ya ce, "Bawana ya iso, a ba shi tsintsiya." Ni kuma in ce da barkono aka yi masa wankan jego. Wallahi ranar da bai fito kasuwa ba ji nake kamar ban karya ba.

Ka tuna kafen intanet ɗin nan na bayan tashar jirgin ƙasa, inda muke sayen tikitin kwana? Hoto ɗaya ya yi ta sauka layi layi, mu kuma mun zuba wa kwamfuta ido kamar masu duban wata. Sai ya kai daidai hanci NEPA ta ɗauke wuta. Daga baya manhajar hira ta 2go ta zo, ka hana kanka barci da 'yar Nokiyarka don kawai tauraronka ya kai matakin Master. Ban manta da "Zainab 'yar Kaduna" ba, wadda ka yi wata biyu kana tura wa katin waya, ƙarshe ta zama wani gardi mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Har yau in na je sayen kayan miya sai in riƙa leƙen fuskokin mutane, ko zan ga surukinmu. Yaran yanzu ba za su gane ba. Manhajar hira ta Yahoo Messenger ma tun 2018 aka rufe ta.

Na fara kiwon tantabara a saman rufin gidanmu. Akwai wani namiji mai yawan kumbura wuya, ba ya tsinana komai sai zagaye mata yana guɗa. Na sa masa Master. Wata kuma na sa mata Danfo, sunan motar hayar Legas, don ba ta sauka inda aka ce ta sauka.

Yaushe za ka leƙo? In ka tashi ka riƙo min dankalin Jos, ka kuma zo da shiri, don na riga na ba Baba labarin Zainab.

Ka gaida Umma da yara.

Naka,
Bagobirin Agege