Leƙen asirin Patriots har yau yana damu na

Ranka ya daɗe Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili kan ƙwallon Amurka ta NFL. Har yau abin da 'yan kulob ɗin New England Patriots suka yi a 2007 yana ci min tuwo a ƙwarya, an kama ma'aikacinsu a gefen fili riƙe da kyamara yana ɗaukar alamun hannun da kocin tsaron abokan karawarsu, kulob ɗin New York Jets, ke yi wa 'yan wasa, sata ce ƙiri-ƙiri. An ci tarar kocin Patriots, Belichick, dala 500,000, kulob ɗin kuma 250,000. Amma wallahi abin da ya fi ƙona min rai shi ne shugaban NFL Goodell ya sa aka lalata kaset ɗin, to mu masu kallo ta yaya za mu san iya ɓarnar da aka yi?

Naku,
Mai karatu