Rahoton Ayyukan Shekara Ga Membobin Ƙungiya

Assalamu alaikum, iyayenmu da ƴan uwa.

Taron wata-wata an yi shi yadda aka saba, ban da na azumi.

Abin da ya ci mana shekarar nan shi ne shirin tura matasanmu huɗu aikin sa-kai na koyarwa a gabashin Cadi, ƙarƙashin ƙungiyar ilimin da muka ƙulla yarjejeniya da ita. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023, jama'a suke ta tsallakowa ta Adre, akasarinsu mata da yara, makarantun sansanoni irin na Farshana kuma sun cika sun batse. Har yau matasan ba su tashi ba, kuma maganar da ake yi a fadoji ta iso kunnena, wai biro, wato shugabannin ƙungiya, ya yi barci. To, ga yadda abin yake.

Su masu karɓar matasan sun ɗauki nauyin jirgi da abinci da masauki. Takardu, kuɗin mota da darasin Larabci suna wuyanmu. An yi wa duka huɗun allurar shawara, kuma wannan an gama da ita, don katin yana fara aiki kwana 10 bayan allurar, tun 2016 kuma ba ya mutuwa. Kaziye, wato takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta mutum, ita ce ta ba mu wahala. Wata 3 kawai ake karɓarta, mu kuma muna jiran kuɗin fasfo ya taru har ta mutu a hannunmu, sai an sake biya. Hanyar Diffa da Gigimi kuwa sun ce ba su yarda da ita ba saboda tsaro, kuma da gaskiyarsu. Ke nan sai an bi mota zuwa Yamai, wajen kilomita 900, kafin a hau jirgin Njamena. Guzurin ma sai an canza shi, tunda sefar Cadi dabam take da tamu ko da yake darajarsu ɗaya, mai canji kuma ba zai yi kyauta ba.

Darasin Larabcin Cadi ya tsaya a tsakiya. Dattijon da yake koya musu ya yi mana haƙurin wata biyu babu ko dala, kunya ta hana ni komawa in ce ya ƙara. Yaran da za su koyar ba su jin Hausa, da yawansu ba su taɓa jin Faransanci ba. Da me za a ce musu su buɗe littafi?

Kotizasiyo, wato kuɗin da kowane memba yake zubawa, dala ɗari ce a wata. Fiye da rabinmu ba su kammala ta bana ba, akwai waɗanda tun ta bara ake bin su. Ma'ajiya ta bi gidaje daga Birni har Garin Malam da kuɗin kabu-kabunta, ana ce mata ta dawo ƙarshen wata. Abin da ya fi ciwo, wanda bai biya ba shi ne ya fi ɗaga murya ranar taro.

Amma ranar 5 ga Disamba ta wanke mana zuciya. Ita ce ranar masu aikin sa-kai ta duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 1985, mu kuma muka mayar da ita ranar gwaji. Wata makaranta a Karkada ta ara mana ajin zana, da gangan muka zaɓe shi don ya yi kama da abin da za su tarar can. Ga sanyi, ga ƙurar hunturu tana shigowa ta kowace kafa, yara a ƙasa da allunansu a cinya. Matasan suka bi tsarin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta shahara da shi: a gwada kowane yaro shi kaɗai, a raba su bisa abin da suka iya, masu harafi dabam, masu kalma dabam, masu karanta labari dabam, ba a duba aji ko shekaru. Malamar da ke cikinsu ta zauna da masu harafi, ba ta taɓa alli ba, da tsinke take zana baƙi a yashi suna bi da yatsa. Wata yarinya da tun safe ta ƙi buɗe baki, kafin azahar ta haɗa baƙaƙe biyu ta karanta "ba-ba". Kakarta na leƙe ta jikin zana, sai ga guɗa. Daraktan makarantar da kansa ya roƙi su dawo kowace Asabar, kuma suna zuwa. Allah ya saka wa iyayenmu mata da suka kawo ƙosai da kunu, da Alhajin da ya ba da tabarmi.

Ɗakin karatun da muka yi alkawari bara yana nan a kwalaye, kuɗin kantocin jera littattafai ne babu.

Masu karɓar matasan sun ba mu zuwa buɗe makarantu na Oktoba. Ana buƙatar kuɗin fasfo biyu, kaziye huɗu da bashin malamin Larabci. Ma'ajiya za ta zo taro mai zuwa da littafinta, kuma biro ya yanke cewa za a karanta sunan duk wanda ake bi.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya, Damagaram