Gaisuwar Sallah daga Chico

Assalamu alaikum Baba,

Barkanmu da Sallah. Ina fatan kun sauko daga idi lafiya, ku da Inna da ƙannena. Allah Ya karɓi layyarmu, Ya maimaita mana.

Kun tambaye ni a waya wa ya sari garin nan da nake zaune. Wani manomi ne, John Bidwell, kuma na san labarin ƙasarsa zai fi jan hankalinku. A 1841 ya baro jihar Misuri ta Amurka cikin ayarin farko na masu ƙaura da suka nufi Kalifoniya, inda Chico yake, ta ƙasa da kekunan shanu. Ba su san hanya ba. A hamada suka yar da kekunan, guzuri ya ƙare har suka ci alfadaransu, sai Nuwamba suka iso. A 1848 ya dace da zinariya a kogin Feather, ya zuba kuɗin a ƙasa, ya sayi gandu mai eka sama da 20,000. A nan ya yanka filin garin Chico a 1860.

Noman nan a juye yake da namu. Damina daga Nuwamba zuwa Maris ce, cikin sanyi. Ana shuka alkama da ruwan farko, a girbe ta wajen Yuni, sannan sama ta rufe ƙirin har kaka. Saboda haka itacen da ba ya jure rani sai da ban ruwa. Bidwell ya yi ta gwada iri: alkama, zaitun, inabi, kankana, da almon, wani ɗan itace mai ɗanɗano kusa da gyaɗa. Almon ne ya kama yankin har yau. Yana fure a Fabrairu, kuma yawancin irinsa ba ya 'ya'ya sai ƙudan zuma ya kai masa garin furen wani iri dabam, shi ya sa ake jera iri biyu layi-layi, a ajiye amya kamar biyu a kowace eka. In raɓa mai ƙanƙara ta faɗi kan furen, shekarar ta tafi.

Babbar masifar manoman lokacin daga masu haƙar zinariya ta zo. Suna feshin duwatsu da ruwa mai ƙarfi, laka da tsakuwa su gangaro su cike koguna, ambaliya ta binne gonaki. Sai 1884 kotu ta taka musu birki.

Siyasa kam ba ta karɓe shi sosai ba. Ya yi majalisar tarayya daga 1865 zuwa 1867, ya nemi gwamna bai samu ba, a 1892 ya tsaya takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar masu hana giya ya faɗi. Amma ba da baki kawai ya ƙi giyar ba, don tuni ya tumɓuke inabin giya da ke gonarsa. A 1887 ya ba da eka 8 aka gina makarantar horon malamai, ita ce jami'ar garin yanzu. Abin da ba a cika faɗa ba, ƙasar ta kakannin ƙabilar Mechoopda ce, 'yan asalin wurin, kuma 'yan ƙabilar ne suka zama leburorinsa. Ya rasu a 1900, gidansa kuwa gobara ta cinye shi a Disamban 2024.

A miƙa gaisuwata ga Kawu da Gwaggo. Goron Sallar yara yana hannun Yaya. A sa ni a addu'a.

Ɗanku.