A kashe janareta na rabin awa, a saurari mai gurmi

Assalamu alaikum Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in amayar da abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni tela ne, shagona yana Jekadafari a cikin garin Gombe, kuma da keken ɗinki nake ci da iyalina. Amma idan na rufe shago ina kaɗa gurmi. Ban gaje shi ba. A gidanmu ko ganga ba a taɓa ratayewa ba, mahaifina, Allah ya jiƙansa, manomin auduga ne a ƙasar Deba. Kaset ɗin marigayi Haruna Uji na Haɗeja ne ya ja ni tun ina yaron shago, domin maigidana yakan sa shi daga safe har La'asar, har kunnena ya haddace abin da yatsuna ba su iya ba tukuna. Yau shekara goma sha ɗaya ke nan ina kaɗawa a wurin suna, da kamu, da majalisar mai shayi idan abokai suka matsa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani biki da aka gayyace ni a Kumo watan jiya. Kawun ango ne ya zo har shago, ya ce shi ba ya son hayaniyar nan ta zamani, yana so dattawan da za su zo daga ƙauye su ji irin abin da suka saba ji. Na ce to, nawa za a ba ni? Ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba Malam, ai mun zama ɗaya, za mu sallame ka yadda za ka ji daɗi." Duk mai sana'ar hannu ya san inda wannan magana take ƙarewa, ni ma na sani, amma son abin ya rufe mini ido. Ranar Asabar na rufe shago da Azahar, na bar kaftani biyu ban haɗa musu hannu ba, na ɗauki ƙanena da ke buga mini ƙwarya, muka hau mota. Ni na biya mana.

Muna isa na tarar da lasifika huɗu an ɗora su kan juna kamar buhunan masara, ga wani yaro mai DJ ya kafa kwamfutarsa a kan tebur. Mu kuma ina aka shimfiɗa mana tabarma? Dab da janareta. Hayaƙi yana shiga mini hanci, ƙasa tana rawa a ƙarƙashina. Tun bayan La'asar muke zaune, aka je Magariba aka dawo, sannan wani ya tuna da mu, aka ce wa yaron ya ba mu minti goma. Ya miƙo mini makirufo guda ɗaya. To Edita, mai gurmi hannu biyu gare shi kuma duka suna kan aiki, da wanne zan riƙe? Ƙanena ya ajiye ƙwarya ya kara mini a baki, sai murya ta fita, gurmi ya ɓace. Ya sauke shi kan gurmi, sai lasifika ta kurma ihu kamar an taka wutsiyar kare, mata suka toshe kunnuwa. Ban kai ƙarshen baiti na uku ba na ji kiɗan fiyano ya taso ya danne ni. Wata baiwar Allah ta sunkuyo ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, yaran ne ke son su taka." Baba fa! Ni da ban cika arba'in da biyar ba. Kawun ango kuwa ko ƙyallinsa ban sake gani ba. Da za mu tafi wani saurayi ya biyo mu da shinkafa a roba da naira 1,500 a dunƙule, kuɗin da bai kai abin da na kashe a mota ba.

Ba hassada nake yi wa masu DJ ba. Yaron nan abincinsa yake nema, kuma shi ya fi ni wayo, domin tun kafin ya ɗauko wayoyinsa daga gida an biya shi. Abin da nake so masu biki su gane shi ne, gurmi da lasifika ba sa shan inuwa ɗaya. In ka gayyato su lokaci guda, to ɗaya ka gayyata, ɗayan ka kira shi ne ya zo ya ji kunya.

Gurmi ba wani abu ba ne illa ƙoƙon duma da aka rufe da fata, da sanda, da tsirkiya biyu, da ɗan jakin da ke ɗaga su daga kan fatar. Tsirkiyar tawa ma igiyar kamun kifi ce, wani abokina direba ke sayo mini a wajen masunta a Dadin Kowa. Muryarsa ba ta wuce tsakar gida. Wasu suna ganin wannan kasawa ce, ni kuwa a wurina nan daɗinsa yake, domin dole mutum ya matso, ya yi shiru, ya ba ka kunne. Wanda yake ganin ƙanƙantar kayan kiɗa aibi ce, ya tuna marigayi Ɗan Maraya Jos da ya rasu a 2015. Tsirkiya ɗaya tak ce a kuntiginsa, shi kaɗai yake waƙarsa ba ya jiran 'yan amshi, amma har ƙasashen waje aka kai shi aka zauna ana sauraronsa. Ban haɗa kaina da shi ba, wane ni. Cewa nake da a ce a kusa da janareta aka riƙa zaunar da shi, da babu wanda zai san abin da yake faɗa.

Bari in ba ka labarin wani dare da abin ya yi yadda ake so. A daminar 2023 ne, bayan an cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta haura 500. Wani maƙwabcin surukaina a Bolari ya samu ƙaruwa, ya kira ni suna. Mutumin bai ɓoye mini ba, ya ce, "Wallahi DJ na so in kira, amma da kuɗinsa da na mai, ragon sunan ne zai tafi." Na ji daɗin gaskiyarsa. An sheƙa ruwa da yamma, ba wuta a unguwar, sai fitila mai caji guda biyu a ƙarƙashin rumfar kwano. Da na taɓa gurmin sai na ji fatar ta saki saboda danshi, tana amsawa kamar ana dukan katifa. Na yi sallama na shiga wajen mata, na tsuguna a bakin murhun da aka sauke tukunyar tuwo, ina juya shi a hankali nesa da harshen wuta, ina ƙwanƙwasawa da ɗan yatsa, har fatar ta ɗaure ta ce tan. Wata tsohuwa tana kallona ta ce, "Ɗan nan, ka gasa shi da kyau, kada ka ba mu ɗanye."

Mutanen ba su fi ashirin da biyar ba, a kan tabarmi. Na fara da wadda nake tsokanar kaina da abokan sana'ata:

Tela, tela, ina rigata?
Ya ce gobe, goben ba ta waye ba.

Aka fashe da dariya, domin a cikinsu akwai mutum biyu da ke bina ɗinki. Can sai wani dattijo, tsohon ma'aikacin reluwe, ya gyara zama ya ce, "Yaro, ba ka da ta jirgin ƙasa?" Na ce ba ni da ita, Baba. Ya ce to kaɗa, ni zan ba ka. Ina kaɗawa yana jefo mini tashoshi, daga Kuru zuwa Bauchi, Bauchi zuwa Gombe, Gombe zuwa Bajoga, har Maiduguri, yana faɗin yadda ake loda auduga da gyaɗa a tarago a zamaninsu, ni kuma ina ɗinke maganar tana zama baiti. In na karkace ya ce a'a, ba haka ba ne, in koma in gyara. Kafin mu kai Maiduguri mata daga cikin gida sun ɗauki amshi ba wanda ya koya musu. Har yau waƙar tana bakina, kuma rabinta tasa ce. Wa zai iya tsayar da lasifika ya ce mata ba haka ba ne?

Sai maganar kuɗi, wadda mu masu yi don sha'awa muke jin nauyin faɗa, shi ya sa ake cin gumin namu. A da ana cewa makaɗi a fili yake samun nasa, wato liƙi. Wannan hanya ta toshe. A farkon 2023, lokacin canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000, wanda ya kwana a layin banki ya samo dubu biyu ba zai manna wa mai gurmi a goshi ba. Tun daga nan aka koyi cewa, "Kawo lambar asusunka, zan tura maka." Kana tsakiyar baiti mutum zai tsaya a kanka da waya yana tambayar wane banki ne. Na sha karanto lambar nan, saƙon shigar kuɗi kuwa sai jefi-jefi. Ga kuma doka: sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya hana liƙi da tattaka naira, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun, kuma tun 2024 muna jin hukumar EFCC tana kai mutane kotu a kan haka. Ni ban ƙi dokar ba, ban taɓa jin daɗin tsintar kuɗi a ƙasa a gaban 'ya'yan mutane ba. Amma in an hana liƙi, sai a yi ciniki. Mai rumfa da kujeru ana ciniki da shi, mai hoto haka, mai lalle haka, mai dafa shinkafa har kafin alƙalami take karɓa. Mai gurmi kaɗai ake bari da "za mu sallame ka".

Na san dalili. Har yanzu da yawa in sun ga mutum da kayan kiɗa a kafaɗa, maroƙi suke gani, wanda duk abin da aka ba shi kyauta ce, godiya ce tasa. Lokacin neman aurena sai da wan mahaifina ya je ya rantse wa iyayen yarinya cewa ɗinki ne sana'ata. Kuma in za a bi gaskiya, mu ma da namu laifin. Akwai wanda zai zo ba a kira shi ba, ya kama sunan baƙo yana wasa shi har sai kunya ta sa ya zaro kuɗi. Akwai wanda in ya kama waƙa ba ya sanin wurin sauka, ana kiran salla yana ƙara ɗaure tsirkiya. Ni kaina na taɓa zuwa wani kamu a Pantami ban yi ko gwaji ba, na manta baiti a gaban jama'a, na tsaya ina maimaita amshi kamar kaset ya cije. Ranar ko sisi ba a ba ni ba, ban kuma ga laifin kowa ba.

Don haka roƙona ga masu biki da suna a Gombe da kewaye ba mai tsawo ba ne. In ba ku son mu, kada ku kira mu don cika ido, ba za mu yi fushi ba. In kuwa kun kira, ku faɗi abin da za ku iya tun a shago, ko kaɗan ne, a san da shi. Ku ware mana rabin awa da za a kashe janareta, a shimfiɗa tabarma inda dattawa suke, a bar yara su huta su sha ruwa, bayan nan su koma rawarsu har lokacin da suka ga dama. Ku ma 'yan jarida, Edita, ku riƙa leƙo irinmu. Na san wani mai gyaran babur da ke kaɗa garaya, da wani malamin firamare mai kukuma, duk a garin nan, ba su da sitidiyo ba su da shafi a Facebook, amma in suka zauna sai ka manta da abincin da ke gabanka.

Asabar mai zuwa ina da suna a Tumfure. Wannan karon na cire kunya na faɗi sharuɗɗana. Maigidan ya yi dariya, ya ba ni naira 3,000 kafin alƙalami, ya kuma yi alkawarin kashe janareta bayan Isha'i. Ya dai roƙe ni kada in bari maganar ta kai kunnen uwargidansa kafin ranar, domin ita ce ta kira mai DJ.

Na gode da ba ni fili.

Naka,
Tela mai gurmi,
Jekadafari, Gombe.