A koya wa Fadocinmu Hausar ƙauye

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili in yi magana kan makarantun horar da Fadocin Katolika, domin abin ya shafe mu kai tsaye, mu Hausawa Kiristoci na karkarar Kano.

Tun 1563, a babban taron Tirent, Cocin Katolika ta yanke cewa bishop-bishop su tanadi inda za a horar da masu son zama Fada. Enugu da Ibadan sun riga mu samu. A nan Arewa sai 1967 aka kafa seminari, wato makarantar horar da Fadoci, ta St. Augustine da ke Jos, a hannun Fadocin ƙungiyar Augustinian 'yan ƙasar Ailan, kuma daga wannan ƙungiya bishop ɗinmu na Kano, John Namaza Niyiring, ya fito. Akwai kuma Good Shepherd a Kaduna, inda 'yan bindiga suka sace ɗalibai 4 a Janairun 2020, suka kashe Michael Nnadi yana ɗan shekara 18. Allah ya jiƙansa.

Karatun ba na rago ba ne. Saurayi kan yi shekara takwas ko fiye, ya fara da falsafa, sannan tauhidi, Littafi Mai Tsarki da dokokin coci, kafin bishop ya ɗora masa hannu ya naɗa shi Fada. Muna ganin amfaninsu ƙwarai. Tun da Kano ta zama dayosis, wato yanki mai bishop nasa, a 1999, ta haɗa har da Jigawa, waɗannan bayin Allah ne ke ratso laka a kan babur da damina su kawo mana Misa, babbar ibadarmu.

Damuwata ita ce harshe. Wani Fadan yakan zo da ilimi cike da kai, amma Hausarsa ba ta wuce ta cefane. Wa'azi dai katikis, mai koyar da addini a ƙauye, zai fassara. To furta zunubi fa? Na ga tsohuwa ta durƙusa, ta daɗe tana magana ƙasa-ƙasa, ta taso tana tambayar jikarta ko Fada ya ji abin da ta ce. Macen da ta haifi goma ba za ta yarda ta tona cikinta ta bakin tafinta ba.

Sannan gidajenmu a gauraye suke. Wa Musulmi, ƙane Kirista, kaka tana nan kan al'adar Maguzawa. Fadan da zai zauna da mu sai ya san yadda ake gaisuwar mutuwa, ya san lokacin sallah, ya iya zama gaban dagaci da liman.

Don haka nake roƙon shugabannin cocinmu su sa Hausa ta zama darasi mai jarrabawa ga duk wanda zai yi aiki a Kano da Jigawa, a kuma riƙa turo mana ɗaliban su yi damina guda a ƙauye. Yaranmu masu sha'awar wannan kira ma a taimaka musu da kuɗin ƙaramar seminari, wato sakandaren masu shirin zama Fada, don buhun dawar ubansu ba zai biya ba.

Naka,
Wani katikis daga karkarar Sumaila, Jihar Kano